Juma'a Talatin Ba a Tayar da Motar Baba Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, mahaifin maigidana, ya rasu wata Talata bayan azahar, ana tsakiyar zafin bazara, a ɗakinsa a gidanmu na unguwar Ɗan Iya a Bauchi. Jinyar kwana huɗu ya yi. Yau wata bakwai ke nan, sai yanzu na iya zama in rubuta wani abu a kansa. Ni karatuna bai wuce firamare ba, wanda ya ga kuskure ya yi mini uzuri. Tsoro nake ji kada a wayi gari babu mai iya faɗin ko yadda yake zama.

Ranar zaman makoki gidan ya cika har soro. Kowace mace ta shigo da nata labarin, kuma na lura duk labarin sai mota ta fito a ciki. Wata tsohuwa ta ce shi ya kai ta ɗakin miji, tana kuka yana ce mata ta yi kukan da hannu ɗaya, ɗayan ta riƙe ƙofa don ba ta rufuwa sosai. Wata ta ce shi ya kai gawar mijinta Darazo cikin ruwan sama, da aka kawo masa maganar fetur ya ɓata rai. Goggo, ƙanwarsa, ba ta ce komai ba sai, “Ya tafi ya bar ni da yaran nan.” Yaran da take nufi har da masu furfura.

Da maza suka dawo daga maƙabarta kowa ya nemi tabarma. Mutum ɗaya ne bai zauna ba, aminin Baba, wani tsohon bakanike da muke kira Baban Ƙofar Ran. Ya ratsa mutane ya nufi rumfar kwanon da motar take, daura da tagar kicin ɗina. Ya ɗora tafukansa biyu a kan bonet, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Goggo ta leƙa ta ce, “Ji shi, ga mutane zaune ya tafi yi wa ƙarfe gaisuwa.” Ba wanda ya yi dariya. Ita ma da ta faɗa sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ni ma ina kuka, amma kukana da wani abu a ciki da nake jin kunyar faɗa. Tun ba a fita da gawa ba zuciyata take tambaya, ranar Juma'a wa zai tayar da motar? Domin yarinyata, shekararta uku da rabi a lokacin, ba ta magana a ko'ina a duniyar nan sai a cikin motar Baba, injin yana aiki.

Motar tsohuwar fijo ce, fara ce da, amma ta koma kamar launin madara. Irin mai giya a jikin sitiyari ce, kujerar gaba doguwa guda ɗaya kamar benci. Ta girmi maigidana. Baba da karen mota ya fara a wata lori, ya zama direba, ya yi shekaru yana jigila zuwa Jos, da Kano ta Ningi, da Azare, har Allah ya mallaka masa wannan. Da idonsa ya yi rauni ya daina fita da ita titi, amma bai taɓa daina tayar da ita ba. Kowace Juma'a da hantsi, kafin wankan masallaci, zai fito da singileti da tsohuwar hula, tsumma a kafaɗa, buta a hannu. Ya duba ruwa. Ya zaro ƙarfen auna baƙin mai, ya murza man a yatsu biyu, ya sansana. Sannan ya shiga, ya yi bismillah, ya taka totur sau uku, ya jawo wani ɗan maɓalli da suke kira cok zuwa rabi, ya zauna shiru kamar mai jiran amsa, kana ya murɗa makulli. Idan maigidana ya ce, “Baba, ai sai ka murɗa kawai,” sai ya ce, “A hankali. Ita ma tsohuwa ce, ba ta son a firgita ta.”

Ƙarar tashinta ita ce sallamar abokansa. Kafin in gama dafa shayi za ka ga Baban Ƙofar Ran ya sauka daga keke, ga wani tsohon direban lori maƙwabcinmu ya dogaro sanda. Su zauna a benci su uku suna sauraron injin kamar masu sauraron karatu, sai kuma gardama ta tashi.

“Kai har kana da bakin magana?” in ji Baba ga direban lorin. “Kai da ka hau tudun hanyar Jos da baya, fasinja suna salati?”

“Da baya na hau, amma dai na hau. Kai a gindin tudun ka kwana kana gasa wa mutane rogo.”

“Rogon ma kai ka cinye shi da ka dawo.”

Baban Ƙofar Ran ya ce, “Ku duka biyun ku yi mini shiru. Da ba don ni ba har yau kuna can.”

A bakinsu na ji cewa mota mai nauyin kaya ta fi iya hawan tudu idan aka juya ta ta hau da baya. A bakinsu na ji cewa da can hanyoyin nan jar ƙasa ce, idan aka yi ruwa mai gadi yakan sauke ƙarfe ya tare hanya, babu mai wucewa sai ƙasa ta sha iska, a nan direbobi suke kwana, a nan su ukun suka san juna. Tanki idan ya huje sabulu ake liƙa masa. Lagireto, wato tankin ruwan inji, idan yana yoyo ɗanyen ƙwai ake fasa masa. Taya idan ta fashe a daji babu wata, ciyawa ake cusa mata a lallaɓa. Wata rana fanbel, wato bel ɗin fankar inji, ya tsinke wa Baba bayan Ningi, ya zare zariyar wandonsa ya ɗaura a madadinsa, ya shigo Bauchi hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a ƙugu. Duk sanda aka ba da wannan labarin nakan toshe baki da mayafi don kada su ji dariyata.

Wani lokaci ɗaliban jami'a na Gubi sukan zo ɗaukar hoto da waya, su jingina da ita suna gyara tsayuwa. Baba yakan bar su, amma sai ya buɗe bonet ya ce, “To, mai son tsohuwar mota, nuna mini kafireta.” Sai su nuna batir. Ya girgiza kai ya rufe. Idan sun tafi ya ce wa abokansa, “Fatarta suke so. Cikinta ba mai tambaya.”

Ba zan ce ba shi da faɗa ba, don yana da shi. Ina sabuwar amarya na ga bonet ɗin nan yana ɗaukar zafi, na shanya tattasai a kai. Baba ya fito ya gani. Bai ce da ni uffan ba, kun san tsakanin suruki da suruka. Sai ya kira maigidana, ya juya fuskarsa saitin tagata, ya ɗaga murya: “Tambaya mini mutanen gidan nan, wa ya gaya musu faranti na ajiye a nan?” Na shige ɗaki na yi kuka, na ce shi ke nan na ɓata da uban miji tun ban yi wata ba. Kwana biyu ina ɓuya. Ran na uku na tarar da wani faffaɗan murfin bonet na wata matacciyar mota a bayan kicin, an wanke shi tas, an ɗora a kan bulo huɗu. Daga rumfa na ji muryarsa yana cewa, shi kaɗai, “Wancan nata ne. Wannan nawa.” Har yau a kansa nake shanya.

Ta tagar nan kuma na ji sirrin motar. Wata Juma'a na ji yana ce wa Baban Ƙofar Ran, “Ciwon nan nata yana nan fa.” Wai akwai wata 'yar tsaga a cikin injin, ruwa yana tsattsafowa kaɗan kaɗan ya sauka a kan fistin ɗaya. Idan ana tayar da ita duk mako, zafi yakan ƙone ruwan. Idan aka bar ta ta daɗe a kwance, ruwan ya zauna, tsatsa ta kama, shi ke nan. Baban Ƙofar Ran ya ce, “Mu buɗe ta mana.” Baba ya ce, “Mu buɗe mu sa mata me? Wa ke da kayanta yanzu? Bar ta, muddin ina numfashi ba za ta rasa Juma'arta ba.”

Yanzu maganar yarinyata. Ta kai shekara biyu da rabi ba ta ce ko a ba. Mata suka fara surutu. Wata ta ce kurma ce, wata ta ce iska ce, wata ta ce ni ce ba na yi mata hira. Na kai ta asibiti, suka leƙa kunne, suka ce in ƙara haƙuri in dawo. Na rame. Ko abinci nake ci sai in tsaya ina kallon bakinta. Wata Juma'a Baba ya ɗaga murya daga rumfa ya ce, “'Yar nan, kawo mini fasinjata.” Na miƙa ta. Ya zaunar da ita a gefensa, ya bari ta juya tana kallon waje, sai ya danna hon. Ta zabura, ta juyo, ta ƙyalƙyale da dariya.

“Kin gani?” ya ce, bai dube ni ba. “Kunnenta garau. Je ki yi aikinki. Wata motar sai an daɗe ana ɗumama ta.”

Daga ranar ta zama fasinjarsa. Takan ɗora tafukanta biyu a kan dashbod tana jin rawar injin har cikin haƙoranta, shi kuma yana nuna mata abubuwa yana kiran sunansu, ba ya ce mata ta maimaita. Bayan kamar wata biyu ina kwashe tuwo na ji wata siririyar murya da ban taɓa ji ba ta ce, “Taya.” Mara ta faɗi daga hannuna. Na yunƙura zan fita da gudu, Baba ya ɗaga mini hannu ta gilashi, wato in tsaya inda nake. Daga baya ya ce, “Da kin zo da gudu da kin kore ta.”

Kalma takwas ta yi. Taya, birki, hon, mai, ruwa, ƙofa, mu je, Baba. Dukansu a cikin motar, injin yana rawa. Da an kashe, an sauko da ita, sai bakin ya rufe. Juma'arsa ta ƙarshe na ga yana nuna mata tagata yana cewa Umma, Umma. Ba ta faɗa ba. Da ya miƙo mini ita ya ce, “Saura ke. Mako mai zuwa in Allah ya yarda.” Da yammar ranar zazzaɓi ya kwantar da shi.

Ran sadakar uku Baffa, ƙanin Baba, ya tara 'ya'ya. Baffa malami ne, mai tsoron Allah, ban taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Ya sa kwaɗo a ɗakin Baba, ya kulle motar, ya jefa makullan a aljihu. Ya ce komai ya zama kayan gado, ba mai taɓa ko allura sai auta ya dawo an raba. Autan gidan soja ne, yana can daji inda waya ba ta shiga, wani lokaci a yi watanni ba a ji ɗuriyarsa ba.

Juma'ar farko ta wuce. Ta biyu ta wuce. Na matsa wa maigidana, shi kuma ya ɗauko Baban Ƙofar Ran suka sami Baffa a soro. Ina bayan ƙofa ina ji.

“Malam, motar nan tana da ciwo,” in ji Baban Ƙofar Ran. “In ba a tashe ta ba mutuwa za ta yi.”

Baffa ya ce, “Alhaji, fetur ɗin da ke cikin tankin nan akwai rabon yaron da ke daji a ciki. Da izinin wa za ka ƙona shi?”

Maigidana ya ce, “Baffa, sai in zuba nawa.”

“Baƙin man fa? Batir fa? In wani abu ya fashe kana murɗawa, me za ka ce wa ƙaninka? Ni me zan ce wa Allah? Yayana ya tafi ya bar mini amana, ba zan shiga kabari da ita a wuya ba.”

“Minti goma nake roƙo, Malam, ba motar ba.”

“Ko minti ɗaya ba nawa ba ne, balle in ba ka.”

Maigidana ya kawo maganar yarinya. Baffa ya ce mai buɗe baki Allah ne, ba inji ba, zai rubuta mata addu'a. Ya kuwa rubuta, ya aiko, na ba ta ta sha.

Na je wurin Goggo. Ta ce, “Ke suruka ce, 'yarki jika ce, ba ku da ko ƙusa a motar nan. Ki kama bakinki kada a ce kin sa ido a kan kayan mamaci.” Na kama. Sai dai wata rana da Baban Ƙofar Ran ya zo gaisuwa na durƙusa na ce, “Baba, ba a iya tayar da mota in babu makulli?” Ya dube ni, ya dubi rumfar. Ya ce, “Ana iyawa, 'yata. Waya biyu ce. Amma shekara hamsin ina shiga gidan nan da sallama, ba zan koma shigarsa kamar ɓarawo ba.”

Damina ta sauka. Ina tsaye a taga ina ƙirga Juma'o'i. Tayoyi suka sace ɗaya bayan ɗaya, kaji suka koma yin ƙwai a ƙarƙashi, ciyawa ta fito ta kewaye ta. Yarinyata ban san yadda take gane Juma'a ba, ko ƙamshin turaren babanta ne, amma da hantsi za ta je ta kama hannun ƙofar motar ta yi ta ja. Ta ja, ta ja, ta juyo ta dube ni. Wajen Juma'a ta goma ta daina zuwa. Wannan ya fi tsorata ni a kan jan ƙofar. Na shigar da ita keke mai ƙafa uku muka zaga gari, na ɗora hannunta a kan ƙarfe, shiru. Babanta ya ɗora ta a babur, shiru. Har wurin injin markaɗe na kai ta, ta toshe kunne ta yi ta ihu, na goyo ta muka dawo mutane suna kallona. A cikin daminar nan kuma direban lori maƙwabcinmu ya bi Baba. Benci ya rage mutum ɗaya.

Auta ya dawo bayan an yi girbi, Juma'a talatin cif da rasuwar. Da aka gaya masa dalilin da ya sa motar take haka, ya riƙe kai ya ce, “Wai don ni? Haba Baffa! Da kun tashe ta mana. Wa ya ce muku ina son fetur?” Baffa ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin, ya miƙa.

Washegari da safe Baban Ƙofar Ran ya zo da jakar kayan aikinsa da sabon batir na aro. Bai murɗa makulli ba. Ya fara kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Na farko baƙi, na biyu baƙi. Na uku ya fito ja wur da tsatsa, da ɗan jiƙa a bakinsa. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ɗaura babbar sifana a gaban injin don ya gwada juya shi, ya zura mata bututun ƙarfe, ya danna da duk nauyinsa. Auta ya karɓa, soja ne da ƙarfinsa, ya danna har jijiyar wuyansa ta tashi. Ko motsi. Aka zuba kananzir a ramukan fulogin aka bar shi kwana uku. Aka sake, ko motsi. Aka hura tayoyi, aka sa ta a giya, maza shida suka tura, sai tayoyin baya suka yi ta jan ƙasa ba sa juyawa.

A cikin wannan hidimar ne babanta ya ɗauki yarinyar ya zaunar da ita a kujerar gaba, da yake ƙofa a buɗe take. Ta gyara zama. Ta ɗora tafukanta biyu a kan dashbod. Ta jira. Kowa ya zuba mata ido, har masu turi. Ta jira ta daɗe, wallahi ta fi mu haƙuri. Sannan ta janye hannuwanta ta duba tafukan, ƙura ce kawai, ta sauko da kanta ta wuce ɗaki.

Baffa ya ce, murya ƙasa ƙasa, “Alhaji, ni na kashe ta ke nan?”

Baban Ƙofar Ran yana mayar da sifana cikin jaka ya ce, “Kai amana ka riƙe, Malam. Ba wanda zai ce ka ci ta.”

Baffa ya zo har bakin tagata, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, “'Yar nan, ki yafe mini.” Na ce ba komai, Baffa. Me zan ce? Da akwai mugu a cikin maganar nan da na sami wanda zan yi fushi da shi, ko na ji sanyi. Babu.

Magada sun zauna. Kayan injin ba a samu, mai iya buɗe shi mutum ɗaya ne a garin, shi kuma hannunsa ya fara rawa, ya ce ko ya buɗe rufewa ce ba zai iya ba. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za su zo ranar Asabar da gatari da sikeli. Baban Ƙofar Ran ya yi mana sallama jiya, ya ce kada mu ga ba ya biyowa ta layin nan mu ɗauka wani abu ne.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa. Yadda bai taɓa wuce mai tsaye a bakin hanya ba, Allah kada ya bar shi a tsaye ranar da kowa ke neman mai ɗauka. Wanda ya taɓa shiga motarsa ya yi masa addu'a, wanda bai san shi ba ma ya yi.

Sai roƙo ɗaya. Idan akwai wanda yake da irin wannan motar a Bauchi, ko a ƙauye, mai giya a jikin sitiyari, wadda har yanzu take tashi, don Allah ya bar ni in kawo yarinyata. Ba sai an fita titi ba. Ta zauna a gaba kawai, a tayar, na minti goma, ni zan tsaya daga nesa. Na tambayi Baban Ƙofar Ran kafin ya tafi. Ya tsaya ya lissafa da yatsu, ya kira gida huɗu da ya sani, yana kira yana lanƙwashe yatsan yana cewa an yanka, an yanka, har ya kai na huɗu. Ya ce tamu ce ta rage.

Duk da haka ina tambaya.